Babi na Biyar: Zazzaɓin 'Yar Kwamfuta

Saura 'yan kwanaki a kama azumin 2022, wani malami ya kira ni daga wata makaranta a yankin Shema, cikin ƙaramar hukumar Dutsin-Ma. Bayan mun gaisa, an tambayi iyali da gajiya, sai ya ce, "Malam, abin nan naka fa ya koyi lalaci. Da safe garau yake aiki, amma da an yi azahar sai ya koma kamar jakin da aka labta wa kaya fiye da ƙima. Yara sun ce wai bairos ne ya shige shi. Ni kuma na ce ko dai jabu aka sayar maka."

Abin nan nawa wata 'yar kwamfuta ce ƙirar Raspberry Pi 4: falle ɗaya ne kore, tsawonsa milimita 85, faɗinsa 56, kamar katin cirar kuɗi na banki, amma duk kayan cikin kwamfuta suna kansa. Na kai musu ita a watan Oktoba na 2021. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a tuna musu yadda lokacin ya kasance. A Satumbar shekarar aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda ta'asar 'yan bindiga, Dutsin-Ma da Kurfi na ciki, ba a kuma mayar musu ba sai a Disamba. Waya ta koma tocila da agogo. Shi ne na loda wa 'yar kwamfutar Wikipedia ta Hausa da ta Turanci ta manhajar Kiwix, na ƙara da littattafai da bidiyoyin darasin lissafi da kimiyya, na jona ta da wata ƙaramar rauta mai watsa waifai. Duk mai waya a harabar makarantar sai ya shiga ya karanta, ba data, ba sabis. Haka ta yi ta aiki har hunturu ya wuce, ba wanda ya yi kuka da ita.

Washegari na biyo hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma, na ratsa Kurfi, na isa wajen ƙarfe biyu na rana. Da gangan na zaɓi lokacin, don in tarar da majinyaciyar sa'ar da ciwon ke tashi. Ofishin rufin kwano ne, ba silin. A saman kabad, dab da rufin, ga batir, ga inbata, ga wani akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana an garƙame shi da kwaɗo, igiyoyi biyu sun fito ta wata 'yar huda a gefensa. A ciki kwamfutar take, sanye da rigarta ta roba. Ba zan ɗora wa kowa laifi ba, domin ni da bakina na ce a nema mata inda hannun ɓarawo da na yara ba zai kai ba. A Oktoba ɓarawo na tuna, ban tuna Maris ba.

Kafin a taɓa kwaɗon na shiga cikinta ta waifai, na rubuta umarnin da ke sa ta faɗi zafin jikinta, vcgencmd measure_temp. Ta amsa: digiri 83 a ma'aunin Salsiyas. Da aka ɗaga murfin akwatin kuwa, hucin da ya bugi fuskarmu ya isa shaida. Na ce wa malamin, "Ba bairos ba ne, ba kuma jabu ba ce. Zazzaɓi ne. Wannan nawar da kuke gani ma ba ita ce cutar ba, maganin da take yi wa kanta ne."

A tsakiyar fallen akwai wani ɗan murabba'i mai murfin ƙarfe, bai fi farcen babban yatsa ba. Shi ne ƙwaƙwalwar, masu gyara suna ce mata furosesa. Cikinta cike yake da miliyoyin ƙananan makunnai da ake kira tiransista, aikinsu guda ne, su buɗe su rufe. Hoto ne, lissafi ne, karatun Alƙur'ani ne ake saurare, duk da buɗewa da rufewar nan ake yin su. A Pi 4 ɗin nan tamu, agogon da ke ba su umarni yana bugawa sau biliyan ɗaya da rabi a sakan guda, kowane bugu kuma yana lasar ɗan mitsitsin lantarki. Ina lantarkin yake zuwa? Injin markaɗe yana mayar da wani kaso na man da ya sha ya zama juyin dutse. Kwan fitila yana mayar da wani kaso haske. Kwamfuta ba ta juya komai, ba ta ɗaga komai, don haka kusan duk abin da ta ja daga batir zafi yake komawa.

Cin nata ba yawa: wajen wat 3 in tana zaune, 6 zuwa 7 in an matsa mata. Kwan fitila ɗaya ke nan. Matsalar ita ce ƙanƙantar wurin da zafin ke taruwa. Dutsen guga na lantarki yana cin wat 1,000, amma ya baza su a kan faranti mai faɗin tafin hannu biyu. In ka raba wutar kowanne da faɗinsa, za ka tarar ɗan gutsuren silikon da ke ƙarƙashin murfin nan ba shi da nisa da dutsen guga.

Abin dariyar shi ne, gidan da wannan ƙwaƙwalwa ta fito, wato ARM, an san shi ne da sanyin jiki. A 1985, a kamfanin Acorn da ke Kambirij ta Ingila, Sophie Wilson da Steve Furber suka ƙera furosesar ARM ta farko. Suna so su sa mata riga ta roba mai araha maimakon ta tangaran mai tsada, ita kuwa roba ba ta jure zafi, sai suka ɗaure wa kansu cewa kada cinta ya wuce wat ɗaya. Da aka gwada, ashe wajen kashi ɗaya cikin goma na wat take ci. Wannan ƙarancin ci ne ya kai ARM cikin wayoyin hannu, har Tecno da Itel da Infinix da ke aljihunanmu. A garin na Kambirij ne kuma Eben Upton da abokansa suka kafa gidauniyar Raspberry Pi, suka fitar da fallensu na farko a Fabrairun 2012 a kan dala 35. Ma'aikaci ɗaya ne a ƙwaƙwalwar wancan, yana bugu miliyan 700 a sakan, ba ruwansa da fanka. Amma mai saye kullum ƙari yake nema. Pi 3 ta zo a 2016 da ma'aikata huɗu masu bugu biliyan 1.2, Pi 4 ta biyo a Yunin 2019, Pi 5 kuma a Oktoban 2023 da bugu biliyan 2.4. Fallen bai ƙara ko milimita ɗaya ba, aikin da ake yi a kansa ya ninka sau da yawa.

Masu ƙirar sun san da haka, shi ya sa suka dasa ma'aunin zafi a cikin ƙwaƙwalwar kanta. Da ya taɓa digiri 80 sai ta fara sassautawa, daga bugu miliyan 1,500 ta sauko 1,000, ko ƙasa da haka. In ya kai 85 sai ta ƙara taka birki, har ɓangaren da ke kula da hoto ya shiga ciki. Dabarar tana ci ne domin in an rage gudu ana iya rage ƙarfin wutar da ake tura mata, wato bolt, shi kuwa zafi ba ɗaya-bisa-ɗaya yake bin bolt ba: rage bolt da kashi 10 cikin ɗari, zafi ya faɗi da kusan kashi 20. Da an jona ta da talabijin, da an ga hoton ɗan ma'aunin zafi ya bayyana a kusurwar sama ta dama. Tamu ba allo, tana kulle a akwati, tana ta nishi ba mai ji.

Saboda wannan birki, da wuya ka ji an ce Raspberry Pi ta ƙone don zafin aikinta. Ɓarnar zafi a hankali take, kuma maƙwabta sun fi shan ta. 'Yan gwangwanayen nan da ke cikin caja da inbata, masu suna kafasita, injiniyoyi suna da ƙiyasi a kansu: duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansu biyu. Batirin sola mai ruwan asid ma kusan haka yake, a kan digiri 25 ake lissafa shekarunsa. Batirin da na tarar a saman kabad ɗin nan ya fi kwamfutar tsada, ya fi ta jin jiki, sai dai shi ba shi da bakin faɗa. Ranar da ya gaza sai a ce ai kayan yanzu ba su da ƙarko.

Ga inda gizo ke saƙar. Zafi ba ya barin jiki sai ya sami inda ya fi sanyi, kamar yadda ruwan dam ɗin Zobe ba ya bin magudana sai da gangare. Gangare ya yi tsayi, ruwa ya sheƙa. Ya kwanta, ruwa ya yi ta jan ciki. Tun 1701 Isaac Newton ya rubuta ƙa'idar: saurin hucewar abu yana bin tazarar da ke tsakanin zafinsa da na abin da ke kewaye da shi. Ɗakin da aka zauna aka zana wannan falle iskarsa ba ta cika wuce digiri 20 ba. Daga 20 zuwa 80 tazarar 60 ce. A ƙasar Katsina kuwa, daga tsakiyar Maris zuwa Mayu, zafin inuwa da rana yana kai wa 40, wani lokaci ya haura. Ƙarƙashin kwanon da ba silin, mu ce 45. Tazara ta koma 35. Kwamfutar da za ta zauna a 60 a Kambirij, a ofishinmu 85 za ta nufa, alhali aiki ɗaya take yi, wuta ɗaya take ci, domin digiri 25 ɗin da ke tsakanin ɗakunan biyu kai tsaye suke hawa kanta. Ka ƙara da rigar roba, ka ƙara da akwatin ƙarfe, ka ƙara da inbata mai fesa nata hucin a gefe, abin da ya rage na gangaren bai taka kara ya karya ba.

Takardar bayanin Pi 4 ta ce a yi amfani da ita inda zafin iska ke tsakanin digiri 0 da 50. Mutumin Ingila in ya ga 50 sai ya ga an ba shi filin da ba zai taɓa ƙurewa ba. Ƙasarsa ba ta taɓa auna 40 ba sai a Yulin 2022, ranar kuwa har jiragen ƙasa aka dakatar. Mu 40 tuwon gida ce a bazara, kuma a Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya kai 48.5. Duk da sanyin nasu, da Pi 4 ta fito Turawa sun yi ta ƙorafin tana zafi, har kamfanin ya fitar da gyaran manhajar ciki kafin ƙarshen 2019, wanda ya rage cin wutar ɓangaren USB. Wannan gyara kyauta ne, duk mai tsohuwar Pi 4 ya tabbata ya sauke shi. Amma in ka karanta a intanet wani ya ce ya shekara da tasa cikin rigar roba ba ta taɓa sassautawa ba, ba ƙarya ya yi ba. Tambayi a wane gari yake.

Malamin ya ce, "To Malam, sai a sayo fanka ke nan?" Na ce a dakata tukuna, a fara nuna mini ɗakunan makarantar.

A bayan ajujuwa akwai wani tsohon ɗakin ƙasa, ginin tubali, rufin azara, inda ake tara tsintsiya da karyayyun kujeru. Muna shiga jikinmu ya gaya mana abin da ma'auni zai faɗa. Kwano siriri ne, rana na dukansa yake juye zafin cikin ɗaki nan take. Katangar ƙasa mai kauri kuwa shanye zafin take yi sannu a hankali, ba ya ratsowa ciki sai rana ta faɗi. Shi ya sa ɗakin soro ke da daɗin ƙailula, da dare kuma a kwashi tabarmi a fito tsakar gida. Makaranta da rana take aiki, saboda haka lokacin da ɗakin ke amayar da zafinsa kwamfutar ba ta da baƙi. Ba ina cewa a koma ginin ƙasa ba ne. Wanda ya taɓa yaɓe kowace shekara, ya kwana tarar yoyo da damina, ya san abin da ya raba mutane da soro. Amma kwano ba tare da silin ba bashi ne, a bazara ake biya. Muka mayar da batir da inbata da kwamfutar can, muka ajiye su kusa da ƙasa, tunda iska mai zafi sama take hawa, muka raba su da juna, muka ja doguwar igiya zuwa rautar da ke baranda, domin waifai ba ya son katanga mai kauri. Maimakon akwati, wani mai walda ya yi mana keji na rodi da raga. Ɓarawo ba ya shiga, iska tana wucewa.

Sai riga. Duk wanda ya taɓa duban injin babur ya ga haƙarƙarin ƙarfen nan da ke jere a jikin silinda. Babur ba shi da lagireto irin na mota, da haƙarƙarin yake shan iska: suna ƙara faɗin jikin da iska ke shafa. Irinsu ake ɗora wa furosesa, masu gyara suna cewa hitsink. A ma'aunin da masana ke auna saurin tafiyar zafi cikin abu, jan ƙarfe yana da wajen 400, alminiyam 200 da 'yan kai, roba wajen 0.2, iskar da ke tsaye kuwa 0.026. Wato alminiyam ya fi roba kusan sau dubu, iska kuma ita ce ta kashin baya. Shi ya sa ake shafa wani farin kwaɓi mai kama da man goge baki tsakanin furosesa da ƙarfen, ko a sa wani ɗan falle mai laushi: duk santsin ƙarfe akwai ƙananan ramuka da ido ba ya gani, in ba a cike su ba iska ce za ta zauna ciki ta tare hanya. Kaɗan ake shafawa. Wanda ya lafta shi kamar man shanu a tuwo ya gina katangar da yake son rushewa.

'Yan mitsi-mitsin hitsink ɗin da ake sayarwa uku a leda, masu gam a baya, in an liƙa su aka mayar da rigar roba aka rufe, ado ne kawai. Zafi ya bar furosesa ya shiga iskar da ke kulle, iskar ta rasa inda za ta kai shi. Abin da na fi yarda da shi a ƙasarmu shi ne rigar alminiyam sukutum, wadda ke da ɗan ginshiƙi a ciki da ke dafe kan furosesa, jikin rigar duka ya zama hitsink. Kamfanin ma ya bi wannan hanya a Pi 400 ta 2020, wadda aka gina cikin allon rubutu: faffaɗan farantin ƙarfe aka shimfiɗa a ciki, tana bugu biliyan 1.8 ba fanka. Wanda bai sami irin rigar ba, masu haɗa tagogin alminiyam za su iya yanka masa gutsure mai kauri. A tsayar da fallen a gefensa maimakon a kwantar, don iska ta riƙa hawa ta fuskokinsa biyu. A kuma gargaɗi masu wurin tun da wuri, domin ranar farko wani zai taɓa rigar ya ji ɗumi ya ce ta lalace. Ɗumin riga alama ce zafi yana fita. Rigar roba da ake taɓawa a ji lafiya lau ita ce ke dafa ta a ciki.

Fanka fa? Tana aiki, ba musu. 'Yar ƙarama ma tana sauke zafi sosai. Amma ba ta iya kai na'ura ƙasa da zafin iskar da take hurawa, kuma mu ba iska kawai muke da ita ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yana sauka a kan komai, ko a cikin kabad. Fanka tana zuƙo shi ta cusa tsakanin haƙarƙarin ƙarfe har ya zama bargo, ya shiga cikin gindinta ya cinye man. Sai ta fara gurnani, wata rana ta tsaya, kuma a makarantar ƙauye ba wanda zai lura sai nawa ta dawo. Ga zanzaro mai neman kowace huda ya yaɓa ɗakinsa, ga gizo-gizo, ga tsaka mai son kwanciya inda ke da ɗumi. Pi 5 kam in za a matsa mata dole sai da fanka, kamfanin da kansa yake sayar da ita. An saita ta ta tashi a digiri 50, ta ƙara ƙarfi a 60, da 67.5, da 75. A Turai wannan yana nufin takan yi shiru in ba aiki. A ɗakin da iskarsa ke 40 da wani abu, furosesa ba za ta sauko ƙasa da 50 ba, don haka fankar ba ta da hutu sai damina ta sauka. In dai dole ne, a sa raga, a riƙa kakkaɓewa da busasshen burushi, a ajiye wata fankar a gefe. In za a buɗe na'urar da hunturu kuma, a fara taɓa ƙarfen ƙofa ko na taga: tartsatsin nan da bargo ke yi da dare ya isa ya kashe falle.

Muna cikin jan igiya wata ɗaliba da ke riƙe mana tsani ta ce, "Malam, me zai hana a sa ta cikin randa?" 'Yan ajinsu suka yi dariya, ni ban yi ba. Na ce, "'Yata, kin yi tunani irin na manya." Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, da irin wannan tunani ya ci lambar yabo ta Rolex a 2000: tukunya cikin tukunya, jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Ruwa yana tsattsafowa ya bushe, bushewarsa tana tafiya da zafi, kamar gumi a jikin mutum. Wannan hanya kaɗai ce a cikin duk abin da muka ambata take iya kai abu ƙasa da zafin iskar ɗaki ba tare da lantarki ba, kuma a busasshiyar iskar bazara ta fi ci. Sai dai abin da ke raya tumatir da gauta, wato laima, shi ke cin ƙafafun tagulla da dalmar da ke kan falle. Firji ma haka: fitar da na'ura daga sanyi zuwa ɗumi, sai ta yi gumi kamar kwalbar lemo, ruwa da lantarki kuwa ba sa ga-maciji. A bar randa a ƙofar ɗaki, a yayyafa wa ƙasa ruwa in ana so, amma kada laima ta kusanci fallen.

Akwai wata cuta mai kama da wannan, da ke sa a yi ta maganin zazzaɓi alhali yunwa ce. Pi 4 tana son bolt 5.1 da amfiya 3. In wutar da ke isa gare ta ta faɗi ƙasa da bolt 4.63, nan ma sai ta rage gudu, ta nuna alamar walƙiya a allo. Cajar waya ta bakin tasha da siririyar igiya su ne kan gaba wajen jawo haka. Umarnin vcgencmd get_throttled yana ba da lambar da ke bambance ko zafi ne, ko ƙarancin wuta, ko duka biyun. Katin memori da ke lalacewa ma, wanda ake yawan ɗora wa zafi, galibi ɗaukewar wuta ce ta same shi yana tsakiyar rubutu.

Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke shirin kai irin wannan na'ura gona, ta auna laimar ƙasa ko ta kunna injin ban ruwa ga masu noman rani a bakin Zobe, lissafinsa daban ne. Da tsakar rana kowace murabba'in mita tana karɓar wajen wat 1,000 daga rana. Akwatin da murfinsa ke da santimita 20 tsawo da 20 faɗi yana karɓar wat 40 ke nan, ita kuwa kwamfutar da ke ciki 5 take fitarwa. Ka ga abokin gaba ba a ciki yake ba. Baƙin akwati yana shanye mafi yawan wannan, fari yana mayar da mafi yawa. Fenti fari, da 'yar rumfa a sama da tazarar da iska za ta ratsa, sun fi kowace hitsink. Inuwar farantin sola ma wuri ne, muddin ba a manna akwatin a bayansa ba, don shi kansa yana gasuwa, kowane digiri sama da 25 kuma yana rage masa wajen kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa.

Kafin duk wannan ma, a tambayi aikin. Auna laima sau ɗaya a minti goma ba ya bukatar ma'aikata huɗu masu bugu biliyan biyu. Arduino ko ESP32 za su yi shi ba tare da sun yi ko ɗumi ba. Pi Zero 2 W, wadda ta fito a 2021 a kan dala 15, ta isa ayyuka da dama da ake saya wa Pi 5. Samarinmu suna son su buɗe fayil ɗin config.txt su ƙara lambar arm_freq don na'ura ta wuce gudun da aka yanka mata. A Dutsin-Ma cikin Afrilu wannan zafin nema ne da ba ya kawo samu: minti kaɗan za ta yi a sama, birki ya dawo da ita ƙasa da inda ta tashi. Ni rage lambar na yi. Na sa ta a 1,200, na kashe ɓangaren zane-zanen allo tunda ba allo, ba kuma wanda ya ji bambanci wajen buɗe shafi.

Bayan sallah na koma da rigar alminiyam. Na jira ƙarfe uku ta yi, na sa aji guda suka shiga lokaci ɗaya, kowa ya buɗe bidiyo. Ma'auni ya hau 61 ya tsaya. Fanka ba mu saya ba har yau.

Kai da za ka kai wa makaranta ko ɗakin shan magani irin wannan na'ura, kada ka gwada ta da safe, kada kuma ka kafa ta da hunturu ka ce ka gama. Ka koma cikin Afrilu, tsakanin azahar da la'asar, ka tara mata duk masu amfani da ita, ka karanta lambar da kanka. Ka koya wa mutum ɗaya a wurin yadda ake karanta ta, ka rubuta masa 80 da alli a jikin bango.